Tsintsiyar da Ta Tayar da Kalla

Duk wanda ya ce muku ya taɓa ganin Kalla na Babankatami zaune da rana tsaka, kafin shekarar da ɗansa ya komo daga soja, ku ce mishi ni Zinariya na ce ƙarya yake yi. Na san mutumin nan, Allah ya jiƙansa, tun muna wasan ƙasa. Taubashina ne, uwarsa ƙanwar ubana, shi ɗan mace ni ɗiyar namiji. Saboda haka tun ran da anka raɗa mishi suna nake da izinin zaginsa gaban kowa, kuma Allah ya sani ban yi sakaci da izinin nan ba.

Gajere ne, baƙi wuluk, ga ƙwauri kamar taɓarya, ga kai ba gashin kirki. Matarsa Biba takan ce abin da ya sa ta yarda ta aure shi, bai taɓa tsayawa wuri guda ta dube shi da kyau ba. In ka zo gaishe shi sai dai ka bi shi kana gaisuwa, ina kwana bakin rumbu, ina gajiya bakin turken awaki, kafin ka kai ga ina iyali ya miƙa maka kan igiya ya ce riƙe min nan. Baƙi da yawa sun shiga gidansa da farar riga sun fito da laka har gwiwar hannu.

Garkarsa kuwa, wato lambunsa, shekarar fara ce ta haife ta. Waɗanda sunka ga shekarar nan ba su son tuna ta, ni ma ba zan daɗe kanta ba. Fara ta sauka ta cinye gero tun yana tsaye, munka ci ganyen da ko akuya sai ta yi shawara kafin ta sa baki. Da Allah ya fid da mu, Kalla ya rantse muddin yana da hannu biyu gidansa ba zai ƙara rasa ɗanyen abin sawa tukunya ba. To amma ina zai shuka? Bayan gidansa gangare ne da ya sauka har ƙorama, kuma kun san ƙasar Buza, in ka kafa hauya dutse ne zai fara amsa maka. Sai ya shiga tsince duwatsun, yana ɗora su a ka, yana jera su layi-layi a gicciye, don in ruwan sama ya gangaro ya bar mishi ƙasa. Mutanen gari sunka yi ta dariya, wai Kalla ya fara noman dutse, bana za a ga irin tuwon da Biba za ta tuƙa. Ni ce kan gaba wajen dariyar, ai aikina ne.

Damina ta zo ta koma, ta ƙara zuwa, sai ga ƙasa ta taru bayan duwatsu, baƙa mai laushi. Ya haƙa 'yar rijiya cikin rairayin ƙorama, ya shuka kuɓewa da yakuwa da kabewa da tonka mai yaji, ya kafa zogale ta gefe, ya taka har Galma ya samo irin albasa. Da damina in ya taso daga babbar gona, maimakon ya miƙe ƙafa kamar sauran maza, sai ya zarce garka. Da rani kuwa can yake yini. Ya ja guga, ya hau gangare da tulu, ya duƙa ya miƙe, ya tsuguna ya tuge ciyawa, ya ɗaure dangar da awaki sunka ture. In ya hawo gida kuma ya kama gyaran jinka ko yaɓen rumbu, ko ya nemi abin da bai lalace ba ya kwance shi don ya samu na ɗaurewa. Ban taɓa jin ya ce bayansa na ciwo ba. Masu dariya sunka koma masu aiko yara da ƙwarya a sam musu na miya. Bai hana kowa ba, amma sai ya tambayi yaron ko ubansa ya ce a haɗa mishi da ɗan dutse.

Akwai wata al'ada tsakanina da shi da ya kamata ku sani. A garinmu in watan cika-ciki ya kama, ɗan mace ke zuwa ya share ƙofar gidan ɗan namiji, ko kuwa ya fanshi kansa da wata kyauta. Kalla, duk son aikinsa, ya ce ko za a yanka shi ba zai duƙa ƙofar gidana ba. Kowace shekara sai ya aiko min da kwando cike da kuɓewar garkarsa, ɗanya ko busasshiya, gwargwadon lokacin da watan ya faɗo. In karɓa in ce tsofaffi ya zaɓo min, in aika mishi da zagi, shi ma ya maido da ribarsa. A haka munka tsufa.

Ɗiyansa maza biyu ne. Sha'ibu babba, mai sanyin hali, shi ke riƙe da gandu. Ƙaramin Alhusaini, shi Nasara sunka ɗauka soja lokacin babban yaƙi. Da yaƙi ya ƙare ya komo lokacin kaka, ya rame ya ƙara tsawo, yana jefa faransanci cikin magana. A bayansa kuwa ya ɗauro wata kujera ta katako da zanen tanti, mai naɗewa, irin wadda kumandan ke zama a kai in ya zo ƙauye. Garin duka ya fita tarbarsa kan hanyar Madawa, ban da ubansa, don ba a same shi gida ba. Can gangare ya iske shi, tsoho mai farin gemu, dutse a ka, zufa na zuba. An ce wani cikin masu rakiya ya yi suɓul da baka ya ce ai haka tsohon ke yini, sai ka ce wanda bai haifu ba. Har yau ban san ko wane ne ba, da na sani da ya ji daga gare ni.

A nan Adar, tun zamanin da masu raƙuma ke mulkin kakanninmu, da taushin hannu ake gane babban mutum. Wanda ya isa shi ke zaune ana yi mishi. In an ga tsoho mai ɗiya maza riƙe da hauya, ba shi ake zagi ba, ɗiyan ake zagi. Don haka Alhusaini da Sha'ibu sunka yanka rago, sunka tara dattawa da liman, anka ci anka sha. Alhusaini ya buɗe kujera gindin kurnar ƙofar gida, ya ce daga yau Baba ya huta, hauya da guga da tulu sun haramta gare shi. Anka yi ta sa albarka. Sha'ibu ya ɗauki hauyar tsoho ya cusa ta can ƙarƙashin jinkar rumbu.

Ina wurin, na ga Kalla ya buɗe baki ya rufe. To mi zai ce? Ɗanka ya tsallake mutuwa ya komo, ya girmama ka gaban jama'a, ka ce ba ka so? Ya zauna. Kujerar ta haɗiye shi, gwiwoyinsa sunka yi sama, na ce ya yi kama da kwaɗo cikin ƙwarya, kowa ya yi dariya har da shi.

Da farko ya ji daɗi, ba sharri nake mishi ba. Surukai na kawo fura da hantsi, tuwo da yamma, abokan hira na zuwa, yara na kiransa mai kujera. In ya yunƙura zai ɗauko buta an riga shi. In ya ga igiyar akuya ta kwance ya miƙa hannu, sai Alhusaini ya ce haba Baba. Ciki ya fito, wuya ya cika, anka ce hutu ya karɓe shi. Kafin zafi ya shigo sosai ƙafafunsa sun kumbura, gwiwa ta ƙi lanƙwasuwa, baya ya ƙage. Anka kira wanzami ya yi mishi ƙaho, anka shafa man shanu, anka sha rubutu, kuma duk wanda ya zo da magani da magana ɗaya yake rufewa, a bar tsoho ya ƙara hutawa. Garka kuwa samari na gandu, ba mai lokacinta. Awaki sunka ture danga, rijiya ta rufta, zogale kaɗai ya rage tsaye.

Abin da ya fi ci mishi rai ban gane shi ba sai ranar ƙaramar Salla, wadda shekarar nan cikin damina ta faɗo. A kan jaki anka kai Kalla filin idi, anka buɗe mishi kujerarsa can ƙarshen sahu. Mu tsofaffin mata muna baya, ina hangensa. Liman ya yi kabbara, maza sunka duƙa, sunka kai goshi ƙasa, shi kuwa yana zaune yana sunkuyar da kai kamar mai gyangyaɗi. Da anka sallame ya so ya tashi da kansa ya kasa, sai da ɗiyansa sunka ɗaga shi ta hammata.

Da la'asar na je gidansu da zagin da na tanada tun safe. Na iske shi shi kaɗai gindin kurna. Na fara, bai rama ba. Na ƙara, bai rama ba. Sai na zauna ƙasa kusa da shi. Ya dubi hannuwansa da sunka yi laushi, kana ya yi magana.

"Zinariya, rabon goshina da ƙasa tun kafin zafi. Ni ba mutuwa nake tsoro ba. Tsorona in tafi ban ƙara yin sujada ba."

Na ce to ya tashi mana ya koma garkarsa, wa ya ɗaure shi? Ya ce yaron nan ya goyo kujerar ga tun daga bakin teku, bai sayar ba, bai yar ba. In ya sauka daga kanta ya kama hauya, ya kunyata shi ke nan gaban garin da ya tara. Ya ce gara gwiwar ta mutu. Na tashi na nufi gida ina share hawaye ina zaginsa, shi da taurin kansa da ɗiyansa masu ƙaunar da za ta kashe mutum.

Bayan kwana biyu na tare Biba bakin rijiyar gari. Ta ce ta yi magana har ta gaji, ɗiyan sun ce wai ba ta son mijinta ya huta, shi kuma tsohon in ta taɓa zancen sai ya juya mata ƙeya. Ta ce mutumin da ke hana ta barcin safe da kiran a miƙo wannan a riƙe wancan, yanzu sai ta leƙa ta ga ko yana numfashi. Na ce ta yi shiru da bakinta, ta bari watan cika-ciki ya kama. Jiran nan ya yi min tsawo, layya ta zo ta wuce ko filin idi bai je ba, amma na daure.

Ranar cika-ciki na ci ɗamara na nufi gidan Kalla, mata da yara na bina, don sun san in Zinariya ta ci ɗamara akwai kallo. Na tsaya gaban kurna na ɗaga murya na ce ina kwandon kuɓewata na bana? Sha'ibu ya fito da dariya ya ce in yi haƙuri, bana garka ba ta yi ba, amma ga damin gero. Na ce gero ina da shi. Alhusaini ya ce to a ba ni 'yar akuya. Na ce ni ba da su nake wasa ba, da ubansu nake. Ko kuɓewar da hannunsa ya shuka, ko tsintsiya a hannunsa ƙofar gidana, al'ada ba ta san na uku ba. Kafin ya yi ɗaya kuwa, kujera tana hannuna jingina. Biba, da yake ta san dawan garin, ta riga ta lallaɓa tsoho ya koma tabarma wai za ta kakkaɓe kujerar. Na naɗe ta na ɗora a ka na yi gaba, mata na rangaɗa guɗa bayana.

Ran Alhusaini ya ɓaci ƙwarai, amma ina zai kai ƙara? Wanda ya yi fushi da wasan taubasai garin duka zai sa shi a waƙa, har jikokinsa su gada. Liman ma da anka gaya mishi dariya ya yi, ya ce shi ba ya shiga tsakanin ɗan mace da ɗiyar namiji.

Washegari na buɗe kujera ƙofar gidana na hau na miƙe ƙafa. Wallahi ba ta da wani daɗi, amma na ɗaure fuska irin ta kumandan. Gidana da nasu ba nisa, in an yi tari can ana ji nan, amma sai da rana ta ɗaga kafin Kalla ya iso, sanda a hannu, Biba na gefe, yana hutawa jikin kowace danga. Na jefa mishi tsintsiya, gajera, wadda na rage wa tsawo da kaina. Ya dube ta ya dube ni. Na ga ya gane, na kuma ga ba zai ce ya gane ba. Ya ce Allah ya isa tsakaninsa da ɗiyar kawunsa. Na ce amin, share.

Ya ɗan duƙa, baya ya yi ƙara, ya yi nishi, ya share wurin da bai fi shimfiɗar tabarma ba, zufa ta jiƙa shi duk da sanyin da ake yi. Na leƙa daga kan kujera na ce wannan ba shara ba ce, kaza ma ta fi shi in tana tono, ban karɓa ba, gobe ya komo. Ya zage ni tun daga kaina har kan jakin ubana. Na ji daɗi har cikin raina, don rabon da in ji zagin nan an daɗe.

Haka munka yi ta yi. Kowace safiya kafin ya zo in watsa ƙaiƙayi da ɓawon gujiya ƙofar gida, in ce iska ce. Shi kuma ya taho yana ƙorafi da ƙarfi yadda duk unguwa za ta ji, wai tilas anka yi mishi, al'ada ce, ba yadda ya iya. Ƙorafin nan shi ne rufin asirin ɗiyansa, kowa ya gane, kowa ya yi kamar bai gane ba. Tsofaffin unguwa sunka maida ƙofar gidana wurin hira, wannan ya ce ya bar nan, wancan ya ce ga can, shi yana raba musu baƙar magana kyauta. Akwai ranar da gwiwa ta kumbura ya kasa fitowa. Na tsorata ƙwarai, na ce kada dai in je in nakasa ɗan mutane gaba ɗaya. Biba ta yi ta gasa mishi da ruwan zafi, bayan 'yan kwanaki sai ga shi, ya ce kada in yi murna, bai mutu ba. Daga ranar na rage ƙaiƙayin, na bar shi yana hutawa tsakani, amma kan dutse, ba kan kujera ba.

Sannu-sannu faɗin tabarma ya zama ƙofar gida duka. Wata rana ya manta sandarsa gidana, bai ko tambaye ta ba, na sa ta murhu na dafa wake. Halinsa na da ya fara leƙowa. Yana shara sai ya tsaya ya dubi dangata ya ce wane malalaci ya ɗaure wannan, ya kwance ya sake ɗaurewa. Ya ce turken tunkiyata ya karkace. Ya ce duwatsun bayan ɗakina zubar da su anka yi, ba jerawa ba. Sai ya tsuguna ya fara jera su. Ya tsuguna fa, mutumin da ake ɗagawa ta hammata! Da ya lura da abin da ya yi sai ya tsaya a tsugunen yana duban gwiwoyinsa, ni kuwa na juya kai na ce hayaƙi ya shigar min ido.

Watan cika-ciki ya wuce, wani ya bi bayansa, na ce ni har yanzu ban ga sharar da ta gamsar da ni ba, in yana son ya rabu da ni sai kuɓewa. Ya ce to ya zai yi, mace ta matsa. Ran nan Biba ta zaro hauya daga jinkar rumbu ta aje ta inda zai yi tuntuɓe da ita. Ya ɗauka ya gangara garka.

A ranar ne Alhusaini ya zo wurina. Ya durƙusa ya gaishe ni yadda ya kamata. Ya ce shi ba ya faɗa da wasa, sai dai wasan ga ya wuce wasa, ga ubansa can gangare da hauya kowa na gani. Na ce ya zauna, na ba shi ruwa ya sha. Sai ya faɗa min abin da bai faɗa wa kowa ba. Can inda anka kai su ya ga tsofaffi sa'o'in ubansa ɗauke da kayan soja a ka, suna faɗuwa kan hanya ana wuce su.

"Gwaggo, can na yi wa Allah alkawari. In na komo na iske Baba da rai, ko ƙwarya ba zai ƙara ɗauka ba."

Tausayinsa ya kama ni, don yaron kirki ne, ƙauna ce ta rufe mishi ido. Na tambaye shi, su can soja in ba a yaƙi, zaune ake barinsu su yini? Ya ce ina, tun da sassafe ake kora su gudu da tsalle da duƙe-duƙe, sarjan na ihu, wai in an bar su zaune jikinsu mutuwa zai yi. Ya faɗa, kana ya ji abin da ya faɗa. Na ce taso. Munka zaga ta bayan danga munka leƙa. Kalla na can tsugune cikin busasshiyar garka, riga rataye kan zogale, yana tono, yana faɗa da awakin da ba su ma wurin, yana rera waƙar noma da muryar nan tasa da ke korar tsuntsaye. Na gaya wa Alhusaini abin da ubansa ya ce min ranar Salla, ban rage ba ban ƙara ba. Ya dafa danga ya ƙara duban ubansa. Can ya ce rijiyar nan ta rufta, tsoho ba zai iya yashe ta shi kaɗai ba.

Washegari shi da Sha'ibu sunka yashe rijiya. Alhusaini ya so ya ɗauki tulu ya hau gangare, uban ya kore shi. Anka yi ta ja-in-ja, daga ƙarshe anka daidaita. Babban tulu da manyan duwatsu na samari ne. Tsoho zai riƙa ɗibar ruwa da bido, wato goran ƙarfen da Alhusaini ya zo da shi daga soja, ya hau ya sauka iya son ransa, hauya kuma ba mai ƙara ɓoye ta. Masu gulma sunka ɗan taɓa, Alhusaini ya ce duk mai magana ya je ya yi ta da Gwaggo Zinariya. Ba wanda ya zo. Na ji haushi, don na shirya musu.

Rani ya ƙare Kalla na hawa yana sauka. Ciki ya koma inda ya fito, hannu ya yi kanta, kumburin ƙafa ya sace. Biba ta ce ya koma cin tuwo kamar mai gaba da shi, ya kuma koma hana ta barcin safe, tana ƙorafi tana murmushi. Salla kuwa cikin ɗaki yake yinta ya ja ƙyaure. Mun san ya fara tsayuwa, mun san ya kai ruku'u, amma zancen sujada ko Biba bai gaya wa ba, ni kuma karo na farko a rayuwata na kama bakina ban tambaya ba. Azumi ya kama cikin damina, ya maida aikinsa safe da yamma, bai bari ba.

Ranar ƙaramar Salla an yi ruwa kafin gari ya waye, rairayin filin idi a jiƙe. Sha'ibu ya ɗaura wa jaki shimfiɗa, Kalla ya wuce shi ya tafi da ƙafa. Anka miƙa mishi buzu ya ƙi, ya shiga sahu tsakanin ɗiyansa. Ni sallata ta ranar sai dai Allah ya karɓa da haƙuri, don idona na kan ƙeyar Kalla. Liman ya yi kabbara, anka yi ruku'u, ya duƙa tare da mutane. Anka tafi sujada, na ga ya sauke gwiwa ɗaya, ya sauke ɗayar, ya dafa, ya kai goshi ƙasa. Liman ya ɗago, sahu ya ɗago, Kalla bai ɗago ba. Na ga Alhusaini ya ɗan karkato wajensa. Can sai tsoho ya ɗago a hankali ya zauna, ya koma ta biyu tare da jama'a. Da anka miƙe kuwa ya miƙe da ƙafafunsa, ba wanda ya taɓa shi.

Da anka watse ya biya ta garka, sai ga shi ƙofar gidana da kwando a ka, ɗiyansa na biye, kuɓewa ɗanya shar har tana zuba. Ya sauke gabana ya ce ga ta bara da ta bana da ta baɗi, in fita harkarsa. Na ɗauki ɗaya na karya na ce tsofaffi ya zaɓo min. Na shiga na fito da kujera na ce jingina ta fansu, mai ita ya ɗauka. Kalla ya dubi Alhusaini. Alhusaini ya yi dariya ya ce a kai ta garka, zanenta zai yi kyau da shanyar kuɓewa. Can kuwa ta ƙare, tana shan rana da kuɓewa da tonka a kanta, tsawon shekarun da Kalla ya ƙara yi yana hawa gangaren nan yana sauka.

Muna tsaye nan, rairayin idi na manne a goshinsa, jiƙaƙƙe. Alhusaini ya lura, ya kama hannun rigarsa ya miƙa zai goge mishi. Kalla ya riƙe hannun.

"Bar shi, ɗana. Na daɗe ina nemansa."

Alhusaini ya sauke hannu ya juya yana duban wani wuri, Sha'ibu ya sunkuyar da kai. Ni kuwa na sunkuci kwandona na shige gida da sauri, don ba na son ɗan mace ya ga ina kuka. Biba ta ce ranar alwalarsa ta safe ya riƙe har la'asar, furar Salla ma kurɓa ɗaya ya yi ya aje, don kada dole ta sa shi ya sake alwala ya wanke goshin.